Goggo Mai Latsa Ƙafa

Ranar sadakar bakwai ɗin Goggo takalmina ya ƙi shiga ƙafata.

Ina zaune a ɗakin Mama, inda nake zaman jego, 'yata tana barci a bayana, kwananta ashirin da biyar a duniya. Ƙanwata ta leƙo ta ce in fito ko bakin ƙofa ne, mutanen Sahuda, ƙauyen da Goggo ta yi aure, sun iso suna son su yi mini gaisuwa. Na sauko da ƙafa na laluba takalmi, ya tsaya a rabi. Da farko na ce ko na wata na taka, don ranar takalman mata sun cika ƙofar ɗakin. Na duba. Nawa ne, na fatar nan da Baba ya yanka mini da hannunsa kafin bikina. Babana baduku ne, tun kafin a haife ni yake auna ƙafafun mutanen Mubi, kuma ba a taɓa dawo masa da takalmi don ya matse ba.

Sai na yi wa kaina abin da Goggo ta saba yi mini tun ina rarrafe. Na ɗora babban yatsa a kan ƙwaurina, na danna, na ƙirga biyar, na ɗaga. Rami ya zauna a wurin, kamar an danna malmalar tuwo. Na zuba masa ido ina jira ya cike. Bai cike ba.

A tsakar gida kuwa dariya ake yi. Ba ta rashin imani ba. An yi kwana bakwai ana kuka, an kai inda ake tuna mamaci da halinsa.

"Allah ya jiƙan baiwar Allah," in ji wata maƙwabciyarmu, "amma fa ƙafafun unguwarmu Lokuwa sun samu hutu."

Wata ta ce, "Ni ranar da aka kawo ni amarya layin nan, ko sunana ba ta tambaya ba, ta ce in kawo ƙafa. Na ɗauka lalle za ta duba."

Sai na ji muryar aminiyar Goggo, tsohuwar manomiya 'yar coci da suka yi maƙwabtaka a Sahuda fiye da shekara talatin. Hausarta irin ta can ce, mace da namiji duk ɗaya take kiransu.

"Wannan mata, ya latsa ni, ya latsa mijina, ya latsa fasto namu. Fasto ya zo gaishe ni ina zazzaɓi, shi ya ce masa, Malam, kawo ƙafa. Fasto ya kawo!"

Aka kwashe da dariya. Dariyar ba ta gama sauka ba na ji tsohuwar ta fashe da kuka, irin na wanda ya daɗe yana riƙewa, ana ta ba ta haƙuri.

Ni kuwa ina ɗaki, yatsana a bakin ramin. Duk gidan nan mutum ɗaya ce za ta kalli wannan rami ta san abin da yake nufi, kuma ita muke wa sadaka.

Shi ya sa nake rubuta wannan. Ban yi zurfi a boko ba, a sakandare na tsaya. Amma ina tsoron a ci gaba da tuna Goggo da dariyar nan kaɗai, a ce wata tsohuwa ce mai abin ban dariya, a manta da abin da take nema a ƙafafunmu.

Yayar babana ce. Ita ta raine shi, don mahaifiyarsu ta rasu yana jariri, ita kuma lokacin ba ta wuce shekara goma sha biyu ba. Kakanninmu daga yamma suka zo da sana'ar fata suka zauna a Mubi. Ita aure ya kai ta Sahuda, can ta zauna har bayan rasuwar mijinta, tana matsar man gyaɗa tana toya ƙuli-ƙuli. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta mayar da mu nata. Duk hutun makaranta a wurinta muke yi. Gajeruwa ce, mai faɗin hannu, babban yatsanta na dama ya yi kanta saboda murza tunkuza. Ko wanka ta yi ƙamshin gyaɗa ba ya barin jikinta.

Ba ta amsa gaisuwa sai ta latsa. Ka durƙusa ka ce, "Goggo, ina kwana?" ta ce, "Kawo ƙafar." Ta danna, ta ɗaga, ta duba, sannan ta ce, "Lafiya lau." Wato ba lafiyarta take gaya maka ba, taka take gaya maka. Yara kuwa duk wanda ya miƙa ƙafa ba gardama yana da ƙuli-ƙuli guda. Mu har layi muke sake bi, mu miƙa ta hagu mu ce ba a duba ta ba. Tana sane, takan ba mu.

Ni "uwata" take kirana, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Baba ma haka yake kirana, bai taɓa faɗin sunana ba. Wataƙila shi ya sa ni ta fi zaunarwa kusa da turmi idan za ta yi lissafinta. Takan goge mai a zane, ta ɗaga hannun hagu, ta riƙa lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Innarmu. Wata guda da haihuwar babanku. Ƙafa ta kumbura, tari ya kama ta, kwanciya ta gagara, a zaune take barci.

"Babanmu. A rumfarsa, yana yankan fata, ya riƙe ƙirji ya ce a ba shi ruwa. Kafin a kawo ruwan ya tafi. Gemunsa bai gama fari ba.

"Ƙanwata, mai bi mini. Haihuwar fari. Ƙafa, tari, barci a zaune. Kamar Inna, ba bambanci.

"Baffanku. A tike, kasuwar dabbobi, cikin shanu, da rana tsaka. Bai kai hamsin ba."

Yatsu huɗu. Sai ta buɗe hannun ta ce, "Maimaita." In maimaita. Na haddace shi kamar yadda na haddace waƙoƙin gaɗa, ban san nauyinsa ba. Wata rana ina aji biyar na sakandare ta ce, "Ku da kuke boko, an gaya muku yadda ciwo ke bin jinin gida?" Na ce an koya mana gado, amma da wake aka yi mana misali, dogo da gajere. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Wake? Ga mutane suna faɗuwa a kasuwa, ana koya muku wake?"

A gidanmu ba a faɗin abin da ya kashe mutum. Idan an tambaya sai a ce kwana ne ya ƙare. Wanda ya matsa da tambaya ana ganinsa kamar mai ja da hukuncin Allah, ko mai tonon asirin mamaci. Goggo ita kaɗai ce ba ta bin wannan. Duk gidan rasuwar dangi, bayan ta yi addu'a, sai ta matsa kusa da wanda yake wurin lokacin da rai ya fita. Ya riƙe ƙirji? Yana haki idan ya yi tafiya? Takalminsa yana shiga? Akwai gidajen da suka daina aika mata da labarin rasuwa sai bayan kwana uku.

A kan haka suka yi faɗa da Baba, ranar sadakar ukun Baffa. Ina 'yar shekara tara, amma ina iya nuna inda kowa ya tsaya. Ta tare shi a bakin zaure, maza suna zaune a waje, ta ce, "Auta, saura ni da kai. Gobe ka je a auna jininka."

Baba ya ce, "Adda, ki bar wannan magana yau." Adda yake ce mata, kamar yadda ake kiran babbar ya a nan.

Ba ta bari ba. Ta ɗaga hannun hagu ta fara. Tana cewa "Innarmu, wata guda da haihuwarka," Baba ya daka mata tsawa, shi da ko ido ba ya iya haɗawa da ita.

"Kin ishe ni! Kullum sai kin tuna mini ni na kashe ta?"

Goggo ta sauke hannu a hankali.

"Ban ce kai ba ne. Ban taɓa cewa kai ba ne. Allah ne ya ɗauke ta, kuma ni ban san ranar kowa ba. Amma wanda ya yi mutuwa shi ya yi magani, bai kuma hana bawansa tambaya ba. Kai kana auna ƙafa don takalmi, ba wanda ya ce ka yi saɓo."

Ta ɗauki ƙullin kayanta ta hau mashin ta koma Sahuda. Wata huɗu ba su yi magana ba. Da ƙaramar salla ta zagayo Baba ya yanka mata takalmi ya kai mata da kansa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta ce, "Kawo ƙafar." Mama ta ce ya miƙa, yana kallon bango. Amma awon jinin bai je ba, kuma daga ranar ba ta ƙara yin lissafin a gabansa ba.

Da cikina ya tsufa aka dawo da ni gida Lokuwa, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Washegarin haihuwa Goggo ta sauka daga mashin da galan ɗin mai da daurin ganye. Duk 'yar gidanmu da ta haihu ita ke mata wankan jego, ba ta yarda wata ta yi. Wankanta kuma daban ne. Ruwan takan sirka shi har sai gwiwar hannunta ta iya zama a ciki. Gishirin miyata ita ke sawa da ɗan yatsa biyu. Kunun kanwa kuwa ta ce ba a gidan nan ba.

Kwana biyu kafin suna surukata ta zo da kanwa cike da kwano, mai kyau, ta ce a dama mini safe da yamma don nono ya kawo, jiki ya yi ƙwari. Mace ce mai kirki, don Allah ta kawo.

Goggo ta karɓa ta juya ta a hannu. "Kai, Hajiya, wannan kanwa ta yi kyau. Awakin gidan nan za su yi miki addu'a."

"Awaki kuma? Ni haihuwa tara na yi, duk da ita na yi jego. Ga ni."

"Ga ki kuwa, tubarkalla. Naki gidan ya ɗauka. Namu na ga mutum biyu da aka ɗura wa ita ƙafa tana kumbura, ana cewa sanyi ne a ƙara. Ni na riƙe ƙwaryar ta biyun. Ba zan riƙe ta uku ba."

Surukata ta tafi ranta a ɓace. Da yamma Goggo ta toya ƙuli-ƙuli mai yaji ta aika mata da shi cike da kwanon da kanwar ta zo a ciki. Ranar suna tare suka zauna suna tsokanar juna a kan wa jaririya ta ɗebo.

Kwana goma sha takwas ta yi tana mini wanka. Safe da yamma tana latsa ni, tana cewa "Lafiya lau." Na lura takan tsaya ta dafa bango idan ta ɗauko bokiti, na ce ta bari ƙanwata ta ɗauka, ta ce in kula da nonona in bar mata bokitinta. Rana ta sha takwas, bayan la'asar, ta hura wutar ruwan yamma, ta zauna a kujerar tsugunno ta jingina da bangon kicin ta ce bari ta ɗan huta kafin ya tafasa. Ruwan ya tafasa har ya fara ƙonewa. Mama ta je ta taɓa kafaɗarta.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Haka Goggo ta tafi, da ganyen wankana jiƙe a gefenta.

Bayan an kai ta, matan unguwa suka karɓi wankan, don ba a barin mai jego. Suka yi mini irin wanda suka sani, ruwa mai tururi da kunun kanwa. Ban iya cewa a'a ba. Wa zan ce wa? Mutane ne suka bar aikinsu suka zo taimako a gidan makoki. A kwanakin nan na fara tari. Idan na kwanta rigingine da rana don in huta sai in ji kamar an ɗora mini buhu a ƙirji, in tashi in jingina da filo biyu. Na ce kuka ne da gajiya. Sai ranar bakwai, da takalmi ya ƙi shiga.

Na fito ba takalmi. Daga ɗakin Mama zuwa tabarmar baƙi taku goma ne, na iso ina haki kamar na hau dutse. Na ce, "Mama, dubi ƙafata."

Mata suka kewaye ni. Wannan ta ce mai jego ai dole ta kumbura. Waccan ta ce sanyi ne ya shige ni tun kwanakin da aka yi mini wanka da ruwa mai sanyi-sanyi, a ƙara wuta, a ƙara kanwa. Wata ta ce zaman makoki ne, jini ya sauka. Kowa da tausayi take faɗa. Na so in yarda da su, wallahi na so.

Aminiyar Goggo ce ta ture su ta durƙusa a gabana. Ta sa yatsanta mai kaushin fartanya ta danna. Ta ɗaga. Ta dubi ramin ta dube ni.

"Kana barci a kwance ko a zaune?"

Na ce a zaune.

Ta miƙe ta ɗaure zane. "Goggonka ya gaya mini wannan tun muna da haƙori. Ya ce idan rami ya zauna, ba kunu, ba ganye, asibiti. Ina mijin yarinya? A kawo keke yanzu. Sadaka ba zai gudu ba."

Mijina ya tsayar da keke mai ƙafa uku a ƙofar gida. Baba ya taso daga cikin maza, ya dubi ƙafafuna a ƙasa. Ya shiga ɗaki ya ɗauko takalmina, ya zaro 'yar wuƙar da ba ta barin aljihunsa, ya farke ɗinkin madaurin ya saki, ya ajiye mini a gabana. Na sa. Ya shiga gaban keken tare da mu.

A asibiti nas ta auna jinina, ta sake aunawa, ta shigar da mu wurin likita ba tare da mun bi layi ba. Ya sa abin sauraro a ƙirjina da bayana, ya danna ƙwaurina daidai inda Goggo ke dannawa. Sai ya tambaya.

"A danginku akwai wanda ya yi ciwon zuciya, ko hawan jini, ko ya faɗi ya rasu farat ɗaya?"

Baba ya riga ni. "Babu, likita. Mu gidanmu kwana ne kawai ke ƙarewa."

Likita ya sunkuya zai rubuta. Na ga bakin biron ya taɓa takarda. Ban taɓa musa wa Baba magana a gaban mutane ba, ko a ɗaki ban taɓa ba. Amma hannuna na hagu ya ɗaga da kansa.

"Kakata, mahaifiyar Baba. Wata guda da haihuwa. Ƙafa ta kumbura, tari, barci a zaune."

Na ji Baba ya ja numfashi. Ban dube shi ba. Ina haki ina lanƙwasa yatsu, har na kai na huɗu. Likita ya daina rubutu yana kallona, sannan ya ce in sake faɗa a hankali, da shekarun kowa gwargwadon yadda na sani. Ya rubuta duka.

"Wa ya tara miki wannan?"

Na ce goggona.

"Ma'aikaciyar asibiti ce?"

Na ce ƙuli-ƙuli take toyawa.

Ya ce, "To ta rage mini tafiya mai nisa." Ya yi mana bayani cewa ciwon zuciya iri-iri ne, ba kowanne ake gado ba, kuma ba duk ɗan gidan ne zai same shi ba. Amma idan mutane da yawa masu jini ɗaya suka tafi da wuri ta wannan hanya, musamman mata biyu bayan haihuwa, to ba a jira a ga abin da zai faru. Ya ce yana zargin zuciyata ta yi rauni bayan haihuwa, ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ne ruwa yake taruwa a ƙafa da huhu. Mijina ya tambaya ko kanwar ce ta jawo. Ya ce ba zai ɗora mata laifin duka ba, amma kanwa da gishiri da ruwa mai tsananin zafi kaya ne ake ƙara wa zuciyar da ta riga ta gaji, a daina daga yau.

Duk wannan Baba yana tsaye a jikin ƙofa, hularsa a hannu. Na ɗauka fushi yake yi. Sai na ji ya yi gyaran murya.

"Likita, akwai ta biyar."

Ya ce a cikin shekarar nan sau biyu Goggo ta kawo masa takalmanta ya saki madaurin. Na farko ta ce fata ce ta bushe. Na biyun, ina da ciki wata takwas, ya riƙe takalmin ya ce, "Adda, wannan ba fata ba ce." Ta ce ta sani. Ta ce ya rufa mata asiri, idan aka ji za a kwantar da ita a asibiti a ba wata wankan, ita kuma ba za ta bar uwarta a hannun masu kanwa ba. Da zarar an yi arba'in za ta je, har shi ma ta ja shi su tafi tare.

"Na yi shiru," in ji Baba. "Shekara da shekaru ina so ta yi shiru, ranar da ta ce in yi, sai na yi."

Ya naɗe hannun rigarsa ya miƙa wa nas. Jininsa ya hau sosai. Ranar tare aka rubuta mana magani.

Wannan ita ce Goggo. Ta latsa Lokuwa, ta latsa Sahuda, ta latsa fasto, ba wanda ya taɓa cewa ta kawo tata. Har yau ina jin haushinta a kan wannan, ina kuma jin haushin kaina, ni da na gan ta tana dafa bango. Da ta je, wataƙila da tana nan. Wataƙila kuma kwanan ne ya ƙare. Ban sani ba. Abin da na sani shi ne kwana goma sha takwas ɗin ƙarshe na rayuwarta a kaina ta kashe su.

Kwana tara na yi a kwance. Aka ba ni ƙwayar da ke sa fitsari, ruwan ya riƙa sauka, aka ƙara da wasu na zuciya waɗanda aka ce ba za su hana ni shayarwa ba. Surukata ce ta yi jinyata. Ita ke dafa mini abinci ba gishiri, tana ɗanɗanawa tana yamutsa fuska tana cewa, "Allah ya jiƙan mai ƙuli, ta ci ni da yaƙi tana kabari." Aka tura ni Yola aka yi mini hoton zuciya. Likitar can, mace ce, ta nuna mini a allo, ta ce zuciyar ta buɗe ta yi laushi. Ta ce wasu tasu tana komawa daidai, wasu ba ta komawa, sai an sha magani wata shida a sake dubawa.

Wata shida. Ban san yadda zan kwatanta su ba. Ina ba 'yata nono ina lissafa kwanakin Baba a duniya lokacin da mahaifiyarsa ta bar shi. Ina kallon ƙanwata ina cewa ko ita ce za ta raine ta, ko ita ce wata rana za ta lanƙwasa yatsa ta ce, "Yayata, haihuwar fari." Kowace safiya kafin in yi salla sai na danna ƙwaurina.

A cikin watannin nan na rubuta lissafin a takarda, mutum biyar, na ƙara da na wajen Mama da na tambayo. Na ba ƙannena, na aika wa 'ya'yan Baffa da ke Betso. Biyu daga cikinsu sun je awo, an samu ɗaya da hawan jini, yana shan magani. Ɗayan ya aiko mini da cewa na gaji Goggo a baƙin labari. Na ce na gode. Tukunyar gidanmu an rage mata gishiri da dunƙule, Baba yana mita yana ci. Ya daina hawa keke zuwa kasuwa, da ƙafa yake tafiya, yana cewa likita ne ya sa shi, kamar ba wadda ta gaya masa tun ina 'yar shekara tara.

Ranar komawa Yola mun yi sammako, ni da mijina da Baba, wanda ya ce shi zai riƙe jikarsa. Wajen sha ɗaya na safe aka kira ni. Na kwanta a gefen hagu, aka shafa mini abin nan mai sanyi a ƙirji. Likitar ta daɗe tana zagayawa da na'urar. Ina jin bugun zuciyata yana fita daga injin, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Can ta juyo da allon wajena, ta ɗora tsohon hoton kusa da sabon.

"Kin ga wannan? Kin ga wannan? Ta koma girmanta, tana matsawa da ƙarfinta. Za ki ci gaba da magani, ba za ki ɗauki wani ciki ba sai mun zauna da ke da maigidanki, kuma awo ya zama naki har abada. Amma wannan karon kin tsallake. Kin zo da wuri."

Na ce ba ni na zo ba, kawo ni aka yi. Ba ta gane ba, ni kuma kuka bai bar ni na yi bayani ba.

Ya Allah, ga baiwarka da ta raini maraya tana yarinya, ta ƙirga matattunmu don rayayyunmu su daɗe. Ka yafe mata abin da ta ɓoye, ka sanyaya mata makwanci kamar yadda take sirka mini ruwa, ka haɗa ta da Innarta.

Na fito baranda. Baba yana zaune a benci, 'yata tana jan gemunsa. Ya dubi fuskata, ya dubi ta mijina, ya gane. Sai idonsa ya sauka ƙasa, kan takalman da ya farke ranar bakwai, waɗanda tun watanni suke mini lakwaf-lakwaf ban yarda an taɓa su ba. Ya miƙa wa mijina yarinyar, ya laluba aljihu ya fito da allura da zare.

"Uwata," ya ce, "kawo ƙafar."